Dalar Gyaɗar da Ba Gyaɗa a Ciki

Jama'a, abin da na gani yau ya kashe mini jiki.

Da hantsi gidan rediyonmu ya tura ni wani tsohon sito kusa da tashar jirgin ƙasa. Wani mai zane ɗan Sabon Gari, Chukwudi, ya gina dalar gyaɗa a ciki, tsayinta har rufi. Ta wata ƙofa ake shiga cikinta. Ciki duhu, ga gangunan mai ko'ina, baƙin mai yana ɗiga daga sama.

Ya ce mini, "Malam, ƙasarmu ke nan. Fetur ya cinye gyaɗa."

Ina ɗaukar muryarsa sai ga hayaniya! 'Yan dako ne daga Fagge, kowa da gammonsa. Dattijonsu, Baba Modu, yana gaba. Wai sun ji an fara dala, gyaɗa ta dawo.

Baba Modu ya ce, "Ina mai kayan? A ɗauke mu aiki, tun bara muke zaune."

Chukwudi ya ce, "Baba, wannan ta kallo ce."

"Kallo? Yanzu gyaɗar ake kallo?"

Baba Modu ya zura hannu cikin wani buhu na jikin dalar. Ciyawa! Ya duba wani. Ciyawa ce dai. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce wa mutanensa, "Ku zo mu tafi."

Manyan baƙin da aka gayyato kallon dalar sun zaci wasan kwaikwayo ne aka shirya, sai suka ɗau tafi. Wata Hajiya har tana cewa, "Kai, sun iya!"

Da na koma ofis, edita ya ce a bar tafin, a cire Baba Modu. Haka muka watsa rahoton da yamma.