Ranar da Yaya Ya Mayar da Jan Ƙato Ruwan Hoda

Ran nan ina ninkin wanki a falo, autata tana kwance a kan kafet da wayar babanta, sai na ji wata ƙara da na daɗe ban ji ba. Takun ƙarfe ne mai nauyi, dim, dim, kamar ana sauke buhunan siminti daga mota. Na leƙa. Wasan ƙattin ƙarfe take yi, irin waɗanda ake tuƙawa a yi faɗa da su. Kafin a fara, aka jero mata launuka ta zaɓi wanda za ta shafa wa nata. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa ruwan hoda, ƙaton ya rine tun daga kai har ƙafa. Shi ke nan fa, taɓawa ɗaya. Ni kuwa sai da na nemi kujera na zauna.

A Kwamba na tashi, kusa da Abuja, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, da rijiya a tsakiya. Daga Zariya muka zo lokacin da aka mayar da aikin Baba Abuja. Direba ne, kullum da asuba yake fita. Tare da mu akwai Kaka, mahaifiyarsa, wadda ciwon gwiwa ya sa ba ta rabuwa da sandarta. Ɗakin da ke kallon namu na wata nas ce, Kirista daga wajen Filato, mai 'ya'ya biyu. Nas kawai muke ce mata. Tana aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti, Umma tana aika mata da nama ranar layya.

Wata rana Baba ya dawo da gem, na'urar wasan da ake haɗawa da talabijin, a cikin leda. 'Ya'yan ogansa ne suka gaji da shi. Kaset ɗaya ne ya zo da shi, na ƙattin ƙarfe masu bindiga a kafaɗa, waɗanda ke taka gidaje kamar kwalin ashana. Yayana ne ya haɗa shi da talabijin ɗinmu, domin a lokacin yana koyon gyaran rediyo da talabijin a wani shago idan ya taso daga makaranta. Daga ranar ɗakinmu ya zama dandalin yaran gidan. Da an kawo wuta za ka ji ihu, kowa ya yo ɗakinmu a guje.

Kaka ba ta taɓa son abin ba. Takan zauna a bakin ƙofa ta juya wa talabijin baya.

“Abin da ba rai gare shi ba, yana tafiya da ƙafa biyu yana kisa,” in ji ta. “Ni ban yarda da shi ba.”

Ni ma tsoronsu nake ji, sai dai irin tsoron nan ne da ke jan mutum. Idanunsu ba sa ƙiftawa. Idan ɗaya ya faɗi, sai ya yi wata ƙara kamar ana yanka kwano. Duk da haka nakan jira layina, in karɓi abin dannawa da hannu yana gumi.

Launi huɗu ne a wasan: toka, kore, shuɗi da ja. A shekarar an ɗinka mini rigar Sallah ruwan hoda, na kuwa ɗauki launin nan na sa a rai. Ina ganin da ƙatona zai zama ruwan hoda, da ya rage ban tsoro, da ya zama nawa. Da na faɗa, yaran suka fashe da dariya. Wani ya ce ai abokan gaba da dariya kawai za su mutu. Yaya bai yi dariya ba.

“Ruwan hoda ai ja ne da aka sirka,” ya ce. “A cikin talabijin akwai wasu 'yan abubuwan murɗawa na launi. Na ga maigidana yana taɓa su. Bari ranar Asabar.”

Asabar ɗin ta zo da ruwan sama tun safe. Tsakiyar damina ce, irin lokacin da hadari ke rufe kan dutsen Zuma har ba ka ganin samansa. Ruwa ya ɗauke wajen hantsi, Umma ta tafi kasuwa, Baba yana wurin aiki. Rufinmu yana yoyo ta kusurwa, simintin ɗakin ya jiƙe ya yi sanyi. Na tuna ƙafafun Yaya a kan simintin nan, babu takalmi.

Ya juya talabijin ɗin, ya kwance bayansa da sukundireba. Wani wari ya fito, na ƙura mai zafi da tsohuwar roba. Ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar: wayoyi kamar hanji, da wani ƙaton gilashi mai wuya. Ya ce dole sai yana kunne za a ga canjin. Ya zaunar da ni a gaba, ya sa na zaɓi jan ƙato, ya ce in riƙa gaya masa.

Ya fara murɗawa. Jan ya yi duhu kamar jini, sannan ya koma kamar zoɓo.

“Ƙara kaɗan, Yaya.”

Zoɓon ya fara haske. Na ga launin rigata yana tahowa a kafaɗun ƙaton, yana gangarowa ƙirjinsa.

“Ya yi! Yaya, ya yi, zo ka gani!”

Bai amsa ba. Abin da na ji shi ne wata ƙara siririya, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, sai kuma dugadugansa suna buga siminti. Na zagaya. Yaya yana durƙushe, hannunsa na dama a cikin talabijin, jikinsa duka yana karkarwa. Haƙoransa a datse, idanunsa a buɗe suna kallona, amma ba ni suke gani ba. Na miƙa hannu zan jawo shi.

“Kar ki taɓa shi!”

Ban taɓa jin muryar Kaka haka ba. Matar da sai an kama ta take miƙewa, ban san yadda ta iso tsakiyar ɗakin ba. Ta hankaɗe ni gefe, ta ɗaga sandarta da hannu biyu ta sauke a kan damtsen jikanta da duk ƙarfinta. Na ji ƙashi ya amsa. Hannun ya fito, Yaya ya faɗi rigingine, bai sake motsi ba.

Ihuna ne ya tara gidan. Mata suka cika bakin ƙofa suna salati, babu wadda ta iya shigowa. Kaka ta durƙusa tana kiran sunansa, tana shafa fuskarsa, har ta fara warware mayafinta za ta rufe shi. Sai ga Nas ta ratso mutane, hannunta duk kumfar sabulu, daga wanki ta taso.

“Mama, matsa mini! Kar a rufe shi tukuna!”

Ta sa kunne a bakinsa, ta yage rigarsa, ta haɗa hannuwa ta shiga danna ƙirjinsa. Tana dannawa, tana hura masa iska a baki, ta koma dannawa. Wata daga cikin matan ta ce za ta ƙarasa yaron nan. Nas ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana kiran Yesu a hankali, Kaka tana kiran Allah a gefenta, gumin ɗaya da hawayen ɗaya suna ɗiga a kan ƙirji guda.

Duk wannan lokacin talabijin ɗin yana kunne, don kowa yana tsoron kusantarsa. Ni na maƙale a jikin bango, daidai inda nake ganin gilashin. Ƙaton ruwan hoda yana tsaye yana taka ƙafa a wuri ɗaya, dim, dim, kiɗan wasan yana ta maimaita kansa, yana jiran a danna masa ya fara faɗa. A raina na tabbata shi ne ya kama hannun Yaya ta ciki, kuma yanzu ni yake jira. Sai da wani tela maƙwabcinmu ya zare fis ɗin wutar gidan a waje sannan gilashin ya mutu.

A cikin shirun nan ne Yaya ya yi tari. Wani tari mai kaushi, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Nas ta juya shi gefe, ta zauna daɓas a cikin ruwan simintin, ta rufe fuska da hannu.

Ya kwana biyu a asibiti. Ya dawo da hannu a naɗe saboda karayar da sandar Kaka ta yi masa, da yatsu biyu da suka ƙone, waɗanda har yau ba su miƙe ba. Baba bai yi wa kowa faɗa ba. Ya mayar da bayan talabijin ya ɗaure da kansa, ya ɗora gem a saman kwaba, ya ce kada wanda ya sake buɗe komai. Saboda haka launin ya zauna yadda Yaya ya bar shi. Mai karanta labarai ruwan hoda, filin ƙwallo ruwan hoda, har malamin da ke tafsiri da azumi rawaninsa ruwan hoda ne. Manya suka saba, har suna raha da abin. Ni kuwa da an kunna sai in fita. Na daɗe ina mafarkin takun ƙarfe yana zagaya rijiyarmu, yana leƙa ɗaki ɗaki. Idan na farka da kuka, Kaka takan jawo ni jikinta ta tofa mini addu'a, ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba.

Wata yamma ina zaune a bakin rijiya, Yaya ya zo ya zauna kusa da ni da naɗaɗɗen hannunsa.

“Ni fa ban gani ba,” ya ce. “Ya yi irin na rigarki?”

Na gyaɗa masa kai.

Yaya yanzu ya yi furfura, yana da shagonsa, kuma ba ya barin yaro ya taɓa waya sai da takalmin roba a ƙafa. Kaka ta rasu da daɗewa. Gidan Kwamba an rushe shi an yi shaguna. Nas an yi mata canjin wurin aiki tun ina firamare, muka taya ta loda kaya a mota, daga nan ba mu sake jin labarinta ba. Na tambayi Umma sunanta na gaskiya, ita ma ta manta.

Inda nake zaune yanzu kowane gida da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Na yi shekara da shekaru ina gaisawa da matar da ke maƙwabtaka da ni ta gilashin mota, ban san aikin da take yi ba. Wani lokaci idan yarana suna wasa kusa da soket, nakan tsaya in kalli tsawon katangar nan, in auna ko ihuna zai iya tsallaka ta.