Yadda Na Koyi Dukan Cikin Direba

Likita ne ya tura ni bakin tafkin Jabi. Ya ɗaura min abin awo a hannu, ya ce jinina ya hau, ya tambaye ni me ke damuna. Na ce babu komai, sannan na yi kusan rabin awa ina jero masa. Ni mutum ne da zan kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in girgiza kwaɗon, in sake kaiwa titi in sake dawowa. Ya ce in rage gishiri, in nemi abin da zai gajiyar da jikina kowace safiya, ko kaina ya samu hutu.

Da haka na faɗa cikin 'yan damben zamani, irin na safar hannu, masu atisaye a ƙarƙashin bishiyoyi bayan sallar asuba. Kocinsu tsohon soja ne, gajere, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Ba dambe na je koyo ba, ina da shekara arba'in da shida da 'ya'ya biyar. Na roƙa a bar ni in riƙa binsu a baya: gudu, tsallen igiya, jan tayar tirela, ɗaga gwangwanayen da aka cika da siminti. A gudu kullum ni ne na ƙarshe. A ɗaga nauyi kuwa na ba su mamaki, na ba kaina. Shekara ashirin ina sauke katan-katan na kifin ƙanƙara a kasuwar Kado, ban san ƙarfi nake tarawa ba, na ɗauka wahala ce kawai.

Wata safiya koci ya matsa damtsena, ya kira wani dogon mutum. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, ɗan Filato, ya haura talatin. Nan da wata guda za a yi gwaji a zaɓi mutum ɗaya mai irin nauyinsa da zai wakilci kulob a gasa. A gwajin bara an naushe shi a ciki ya durƙusa. Koci ya gaya masa a gabana cewa in bana ma haka ta faru, sai ya haƙura ya bar wa na baya.

Aikina shi ne in koya wa cikinsa shan duka. Zai kwanta rigingine, in ɗaga ƙwallon fata cike da yashi in sakar masa a ciki sau ashirin. Sannan ya miƙe ya ɗora hannaye a ka, in sa safa in naushe shi sau ashirin.

Na ce to, don ban iya ce wa soja a'a ba. Amma ƙwallon nan ban taɓa sakinsa ba, ajiye shi nake a hankali kamar an miƙo min jariri. Naushin kuma kafin ya isa na riga na janye rabinsa. Kowane ɗaya da rakiyarsa: "Sannu, ɗan'uwa. Ka yafe ni." Tsoron kada in wuce ashirin in ɗauki haƙƙinsa ya sa nake tsayawa a sha biyar. In na koma shago sai in yi ta tunanin abin da ke cikin mutum, hanta da hanji da saifa, tunda kullum ina ganin irinsu a cikin kifi, na san ba su da wani ƙwari.

Har wajen limamin masallacin kasuwa na je. Ya ce, "Shi ya ce ka buge shi?" Na ce e. "To ka buge shi mana." Na ce, Allah gafarta malam, in kunyar koci ce ta sa ya yarda fa? Ya dube ni, ya ce in je in yi alwala sau ɗaya tak, lokacin salla ya yi.

Mako biyu muna haka. Ran nan da rana tsaka sai ga direba a shagona, da kayan aikinsa. Ina sarar wani ƙaton kifi da ya daskare kamar itace. Ya tsaya yana kallon addar na sauka, kututturen na girgiza.

"Baba mai kifi, ashe hannun nan tana aiki?"

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Yaya cikin?"

"Cikin tana lafiya, shi ne matsalar. Kana cutata, wallahi. Wanda zan haɗu da shi ba zai ce min sannu ba. Wannan kifi, ka nemi yafiyarsa?"

"Ai shi ya mutu."

"To ka ɗauka ni ma na mutu."

"Subhanallahi! Bar faɗin haka."

Bai yi dariya ba. Ya ce tun yana yaro yake son sau ɗaya a kira sunansa a gaban jama'a, ba don ya kawo mota ba. Ya ce saura mako biyu, in ba zan iya ba in gaya wa koci, ya nemi wani. Ya tafi.

Ranar na yanke yatsana sau biyu. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne, duk gudun haƙƙin da nake yi, haƙƙinsa nake ci da lallaɓawa. Sai sabon tsoro ya kori tsohon. Ni dai ban taɓa yin wani abu da jarumta ba, tsoro ne kullum ke tura ni, wanda ya fi girma shi ke cin nasara.

Washegari na ɗaga ƙwallon har saman kaina, na yi bisimilla, na rufe ido na saki. Na ji wani sauti kamar an yar da buhun gari. Da na buɗe ido ya naɗe, bakinsa a buɗe babu numfashi. Na fara ihun a tare mota a kai shi asibiti, na ce ni na kashe shi, kowa ya shaida. Koci yana dariya har da riƙe bishiya. Direba ya miƙe ƙafafu a hankali, ya ce da wata siririyar murya, "Yauwa. Saura sha tara."

Haka muka yi mako biyun. Shi yake ƙirga, ni ina duka ina salati. Cikinsa ya koma kamar allo, ni kuma na rame.

Ranar gwaji na laɓe bayan bishiya ina leƙe. Abokin karawarsa ya fi shi ƙuruciya, kuma ya san labarin bara, don haka ciki ya yi ta nema. Na ƙirga naushi masu nauyi guda bakwai. Kowanne ya sauka sai in yi salati. Direba bai durƙusa ba. A turmi na uku ya samu haɓar mutumin, aka raba su, koci ya kira sunan direba da ƙarfi, jama'a suka ɗauka.

Kowa ya ruga wajensa. Ni kuwa idona na kan wanda aka doke, yana zaune a kan taya shi kaɗai, leɓensa ya fashe. Ai da hannuna a ciki. Na kai masa ruwan leda, na tsuguna na fara bayani tun daga likita.

Ya katse ni. "Baba, tsaya. Kai ne mai dukan cikinsa?"

Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Ya kurkure baki ya tofar. "Ranar Litinin ka fara da ni."