Ƙafata ta Hagu da Motar Jamus

Alhamis: Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi

Tun kafin kiran assalatu na farka, na yi wanka da ruwan ɗumi, na zauna bakin gado ina murza ƙafata ta hagu da man zafi. Maiɗakina Rabi tana kan sallaya tana kallona. Sai da na ɗauki hula ta ce, "Malam, wagga tahiya dole ce?" Na ce mota kawai zan duba in dawo. Ta yi mini addu'ar hanya, amma fuskarta ba ta saki ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne. Na fi shekara talatin ina jan mota, daga ta haya har ta masu kuɗi, kuma ban taɓa zama a wadda ba giyar hannu ba. Otomatik, a wurina, ta masu son zaman kujera ce. To, a daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗan shafe ni ta hagu. Allah Ya taƙaita, na tashi, ina zuwa masallaci da ƙafata. 'Ya'yana suka sayar da tsohuwar motata ina kwance, suka ce in huta. Ni kuwa ban yarda cewa tuƙi ya ƙare mini ba. Da na ji abokina Alhaji Bello na Shinkafi zai sayar da motarsa ƙirar Jamus, mai giyar hannu, sai na ce ga inda zan gane ko har yanzu ni direba ne.

Na isa tasha gari bai gama wayewa ba, amma yanzu a ƙasarmu ba mai kama hanya da duhu. Muka zauna muna shan kunu da ƙosai har rana ta fito sosai. Ranar kasuwar Shinkafi ce, don haka motoci suka taru, muka tashi a jere wajen ƙarfe takwas. Kowa ya san dalilin jerin, ba wanda ya faɗa.

Direbanmu yaro ne mai gaggawa, yana sa giya kamar yana faɗa da ita. Na yi ta cije baki har na kasa, na ce, "Ɗana, ita ma giyar rai gare ta." Ya yi dariya ya ce, "Baba, in ban danne ta ba, ba ta ji." Muka wuce shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. Gefen hanya akwai gonakin da aka nome, akwai waɗanda ciyawa ta cinye. A irin waɗannan wuraren hira takan mutu a mota, sai dai ka ga leɓuna suna motsi.

Shinkafi

Alhaji Bello ya tarbe ni a ƙofar gida da fura da nono. Ɗan kasuwar hatsi ne, tare muka yi ƙuruciya, kuma har yau bai daina kirana da sunan wasa ba. Ya ce, "Sarkin totur, ashe kana nan da ranka." Na ce ina nan, shi ne dai tumbi ya rufe masa sitiyari.

Ya ja ni bayan gida, ya yaye tamfol. Baƙa ce, doguwa, ta kwanta ƙasa, tayoyinta masu faɗi. Na buɗe ƙofa na ji nauyinta a hannuna, na rufe, ta ba da irin ƙarar nan mai taushi da motocin Jamus kaɗai ke yi. Da na tayar da ita, injin ya yi gurnani ƙasa-ƙasa har cikin ƙirjina. Na ɗora hannu kan giya, gajera ce, tana shiga kowane gida ba gardama. Gaskiya na so ta tun a wannan lokacin, so irin wanda na ɗauka ya wuce ni.

Na tambaye shi me ya sa zai rabu da ita. Ya ce, "Ka dai san zamanin da muke ciki. Wagga mota kiran ido gare ta. Ko'ina na bi sai an waigo, ni kau yanzu ban son a waigo." Ya ƙara da cewa ramukan hanya ma suna dukan cikinta. Duk na ji, kuma duk gaskiya ne, amma ba su ne ke raina ba. Idona yana ƙasa, kan kuloci. Na taka shi sau uku a tsaye. Laushi gare shi, ƙafar kuma ta amsa. Na yi hamdala a zuci.

Muka shirya cewa da safe zan ja ta zuwa Zurmi, wurin Garba makanike, wanda ban taɓa sayen mota ba sai ya saurari injinta. Na kwana a ɗakin baƙin Alhaji, bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka.

Juma'a: hanyar Zurmi

Mun fita da hantsi, ni a sitiyari, Alhaji a gefena. Ba zan ɓoye ba, sa'ar farko ta wannan tafiya tana cikin mafi daɗin abin da na gani tun da na tashi daga ciwo. Inda kwalta ke da kyau na ba ta wuta, daga giya uku zuwa huɗu zuwa biyar, motar ta manne da hanya. Alhaji ya riƙe hularsa yana cewa, "Kai tsoho, jikoki gare mu hwa." Na ji ni ne dai na da.

Sai ramuka suka fara. Kowane rami sai ka rage, ka taka kuloci, ka sauko da giya, ka lallaɓa, ka sake hawa. Tun ina yi ba tunani har na fara jin cinyata tana ɗaukar zafi. Daga nan sai rawa. Daga rawa sai wani nauyi, kamar an ɗaura mini buhun gero a gwiwa. Ban faɗa wa Alhaji ba. Na ce a raina Zurmi ta kusa.

Kafin mu shiga gari akwai shinge, an jera durom-durom da buhunan yashi, motoci suna bi ɗaya-ɗaya. Muka shiga layi. A matsa kaɗan, a tsaya, a matsa kaɗan, a tsaya, ƙafar hagu ba hutu. Da muka kai gaba, jami'in da ke tsaye ya ɗaga hannu. Na taka kuloci don in tsaya, sai kawai na ji babu ƙafa. Ta zame ta faɗi gefe. Motar tana giya ɗaya, ta yi tsalle gaba da ƙarfinta, ta bugi durom, ta mutu.

A wannan hanya kowa ya san me ake nufi da mota ta zaburo wa shinge. Jami'in ya yi baya, bakin bindiga ya juyo kan gilashinmu, na ji wasu suna ɗana nasu ta gefe. Alhaji ya ɗaga hannuwa sama yana salati, yana cewa, "Tsoho na, tsoho na, ba shi da lahiya." Ni ko motsi ban iya ba.

Jami'in ya matso a hankali, ya leƙo, ya ga furfura. Ya ce in fito. Na buɗe ƙofa, amma ƙafar ta ƙi bina, sai da na sa hannu biyu na ɗago ta na ajiye a ƙasa. Yana kallo. Yaro ne, bai fi ɗana na uku ba. Ya rataya bindigarsa, ya kama ni ya zaunar da ni kan buhun yashi. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Baba, saura kaɗan fa. Da yaya zan yi da raina?"

Na ji tsoro, amma kunya ta fi tsoron yawa. Na kusa jawo wa abokina mutuwa, na kusa ɗora wa ɗan mutane jinin tsoho, duk don kada a ce na gaza. Muka ba su haƙuri, suka duba takardu suka sallame mu. Alhaji ya karɓi sitiyari, ya ja mu har cikin Zurmi.

Zurmi

Bayan an sauko daga Juma'a muka wuce garejin Garba. Akwai mutane a ƙarƙashin rumfa, direbobi da masu jiran gyara, yawancinsu sun san ni. Labarin shinge ya riga mu isowa. Na ga Alhaji ya ja Garba gefe sun yi magana. Sannan Garba ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya shiga ya taka kuloci, ya fito yana goge hannu.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Malam, kulocin ga ya lalace. Kamawa shikai, ko wa at tuƙa ta sai ta zabura. Ni ban ba ka shawara ka saye ta ba." Alhaji ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya daɗe yana zargin haka.

Na gane abin da suka yi. Sun haɗa baki su rufa mini asiri, su ɗora wa mota laifina. Da na yi shiru, da na koma gida da sunana na direba, a ce motar ce ba ta da kyau. Amma maganar da aka yi a garejin Garba ba ta kwana a Zurmi. Kafin kasuwa ta zagayo, duk mai son motar zai ji cewa kulocinta ya mutu, Alhaji ya yi ta fama da ita. Kuma ni kaina, in na karɓi wannan ƙarya, wata rana zan yarda da ita in sake hawa wata motar.

Na dafa motar na miƙe tsaye. Na ce, "Garba, Allah Shi saka da alheri, kai da Alhaji. Amma ku bar ɓata motar mutane. Kulocinta lahiya lau, ban taɓa taka mai laushinsa ba. Ƙafata ce ta mutu. Na aje tuƙi daga yau."

Wani dattijo ya ce Allah Ya sa kaffara ce, aka amsa da amin. Garba ya sunkuyar da kai yana ta goge hannun da ya riga ya goge. Na zaro makullin motar na biyu daga aljihuna, wanda ke wurina tun jiya, na miƙa wa Alhaji. Na ce ya sayar wa mai ƙafa biyu, kuma ya gaya masa ta fi son a bar ta ta ɗumama kafin a ba ta wuta.

Komawa gida

Alhaji ya so ya kai ni Ƙaura, na ce a'a, rana tana yi, ya kama hanyarsa. Na shiga motar haya, aka ba ni gidan gaba don girmamawa. Muka wuce Dauran ana kiran la'asar. Sai can na lura cewa duk sa'ad da direban zai canza giya, ƙafata ta hagu tana danna ƙasan mota ita kaɗai. Na ɗora hannu a kan gwiwar na riƙe ta. Idona ya cika, na juya fuska wajen taga har ya wuce.

Mun shiga Ƙaura kafin magariba. Na sauka a tasha, na hau babur zuwa gida, na faɗa wa iyalina duk abin da ya faru ban rage komai ba. Ina gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina gode wa Alhaji Bello da Garba, waɗanda suka yarda su yi ƙarya saboda ni. Yaron nan na shinge kuwa ko sunansa ban tambaya ba. Allah Ya mayar da shi wurin uwarsa lafiya, yadda ya bar ni na dawo wurin iyalina.