Ranar da Muka Kai Itacen Kirsimeti Kaduna

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da inda haƙorana na gaba suka faɗi, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka kai itacen Kirsimeti Kaduna ba. Ku ma'aikatan daji na yanzu, masu babur da hular kwano, ku karanta da haƙuri, don mai rubutun nan aji biyu ya yi a elemantare kafin malam ya gano cewa kansa ya fi dacewa da ɗaukar kaya.

Zamanin Turawa ne, bayan yaƙin Bama da 'yan shekaru, lokacin yankan dawa. Ina lebura mai gatari a dajin Birnin Gwari. Ga yadda tsarin yake: Baturen daji yana Kaduna, malamin daji yana gari, helma yana kanmu, mu kuma muna ƙarƙashin kowa, har da itace in ya ga dama. Baturen muna ce masa Mai Lofe, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofe ba.

Masinja ya zo da saƙon baka: Mai Lofe yana son itace ɗaya, miƙaƙƙe, kyakkyawa, mai tsini a sama, a kai gidansa ranar jajiberin Kirsimeti. Malamin daji yana rangadi a Kuyello, saboda haka helma Audu ne ya karɓi saƙon. Bai tambayi abin da za a yi da itacen ba. A wancan zamani, tambayar Bature dalili kamar tambayar kura ce inda ta samo nama.

Muka sami wani matashin madaci a dajin bayan Gayam, ganyensa shar. Muka kayar da shi, muka yi masa abin da aka koya mana, wanda in ba a yi ba ake korar mutum: a sare rassa kaf, a ɓare ɓawo, a daidaita gindi, helma ya buga lambarsa da guduma. Tsinin da aka ce kuwa, helma da kansa ya fere shi da adda kamar alƙalami. Muka ja da baya muna kallo. Wallahi ban taɓa ganin gungume mai kyansa ba.

A cikinmu akwai Tanko mutumin Kusasu, manomi ne, yakan taɓa leburanci in an buƙaci ƙarin hannu. Ba ya cikin masu rakiyar itacen, amma wani ƙanensa tsohon soja ya cika masa kunne da labarin Kaduna.

"Baba Helma, ka taimake ni. An ce ƙwan lantarki ja da kore ake ratayawa kamar 'ya'yan kanya. Ina so in gani da idona."

"Dawarka fa, wa zai yanke?"

"Dawa ina za ta? Zan dawo in same ta a tsaye."

"To kama gaba, tunda kai ne mai ɗokin birni."

Mota ba ta shiga dajin, sai an ɗauka a kafaɗa zuwa bakin titi. Abin da kowane mai gatari ya sani shi ne, ɗanyen itacen da aka ɓare santsi gare shi kamar tarwaɗa. A gangaren wani rafi ya suɓuce wa na baya, ya zamo, ya danne Tanko a ƙwauri. Ba ihunsa na fara ji ba, ƙarar ƙashin na ji, kamar an taka busasshen kara. Da muka ɗaga gungumen, ƙashin ya huda fata ya fito.

Akwai maɗori a Gayam, na ce a koma da shi can. Helma ya ce mota na jira, kuma Kaduna akwai likita. Tanko yana cije da bakin rigarsa ya ce, "Ɗanjuma, bar shi. Da ma can za ni."

Muka ɗaure ƙafar da kara da rawanin helma, muka kwantar da shi a bayan mota, gefen gungumen. Duk ramin da motar ta faɗa, sai ya kira sunan Allah. Muna shiga Kaduna rana ta yi ja, helma ya buga kan mota.

"Direba, asibiti tukuna!"

"Motar Bature, itacen Bature, an ce kafin magariba. In aka kore ni, kai za ka ciyar da iyalina?"

Haka muka ratsa tsakiyar gari. Ni kuwa aka ba ni muƙamin da ban nema ba, na mai nuna wa baƙo birni. Na tallafo kan Tanko, jikinsa zafi rau. Ga kantuna an liƙe su da takardu masu launi. Ga tagogin gilashi an manna musu auduga, wai ƙanƙarar ƙasar Turawa ce. Ga 'yan sanda suna busa badujala, 'yan kudu sun fito da dodonsu suna kiɗa, ƙararrawar coci tana tashi. A ƙofar wani kanti, wani ƙato cikin jar riga yana raba wa yara alewa, gumi yana jiƙa masa gemu.

"Wancan fa wane ne?"

"Waliyyinsu ne, Tanko."

"Gemun auduga ne."

"Ka ga ƙwan lantarkin naka?"

Ya daɗe yana kallo. "Na gani. Ba su kai kanya yawa ba."

A gidan Mai Lofe baƙi sun fara taruwa. Ya fito, ya dubi gungumen, ya cire lofe daga bakinsa. Ranar na san yana da leɓe.

"Ina ganye?"

Helma ya ƙame. "Ranka ya daɗe, mun share shi tas. Ko reshe ɗaya ba mu bari ba. Amma akwai mutum a..."

Uwargida ta fashe da dariya har ta zauna a matakala, ta kira baƙi su zo su gani. Kuku ne ya raɗa mana cewa ganyen ake so, a kansa ake rataya wutar. Aka ce a sauke, aka ce a mayar. Duk lokacin da helma ya buɗe baki da maganar Tanko, sai a ce ya yi shiru. Kuku ya zagaya bayan gida ya saro reshen mangwaro, uwargida ta ce ya isa. Sai a sannan Mai Lofe ya leƙa motar, ya ga ƙafar, ya ce, "Don me ba ku faɗa ba?"

A asibiti an ce likita ya tafi biki, gobe kuma hutu. Wani ma'aikacin jinya ya wanke ciwon, ya yi iyakar abin da ya sani. Kafin likita ya dawo, ƙafar ta yi baƙi. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Helma ya koma lebura. Dawar Tanko mutanen Kusasu ne suka yi gayya suka yanke, shi bai ƙara riƙe garma ba. Gungumen kuwa aka dawo da shi aka yar a bayan ofishin malamin daji, ba mai so. Na je na tsaga shi, na sassaƙa wa Tanko sandar dogarawa. Madaci ne, ko gara ba ta taɓa shi. Da ita ya yi yawo har ya rasu, in an tambaye shi sai ya buga ta a ƙasa ya ce duk ƙasar Birnin Gwari shi kaɗai ke da itacen Kirsimeti.

To ku na yanzu, ga karatun aji biyu. Mun bi ƙa'idar aiki ba mu tsallake komai ba, ita ce ta cinye ƙafar mutum. Kafin ka ɗaga gatari, tambayi abin da za a yi da itacen, ko za a zage ka. In kuma motarka ta ɗauko itace da mutum, fara sauke mutumin. Itace ya iya jira.