Bulo Ɗaya

Shekarar da gwamnati ta sayar mana da gidajen da muke ciki, kowa a layinmu ya zama magini. Mutumin da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ya rubuta wa ofis takarda, sai ga shi da guduma yana rushe bango. Ko'ina a Abuja tifa ce ke juye yashi. Ni ma ban tsira ba. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, a sashen da fayil ɗin gine-gine ke bi ta kan teburina, kuma na yi shekara goma sha biyar ina sa hannu a kan zanen da wasu suka yi. Wannan ya sa na ɗauka na iya gini.

Amma ba don yayi na taɓa kicin ɗinmu ba. Mahaifinmu ya rasu, Inna ta gama takaba, ta rage ita kaɗai a gidan ƙauye da hawan jini, kuma asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar awa biyu a hanyar da damina ke cinyewa. Sau biyu ana samun ta a faɗe a tsakar gida. Likita ya ce kada ta ƙara zama ita kaɗai. Ƙannena suka ce ni ne babba, ni ke kusa da asibiti, a kawo ta wurina. Inna ta ce za ta zo ta yi wata ɗaya ta gani. Duk mun san abin da take nufi. In wurin bai yi mata ba za ta koma, kuma cikinmu ba wanda ya isa ya hana ta.

Ni ne ɗan farinta, ita kuma 'yar da ce, irin waɗanda ke riƙe kunyar ɗan fari har kabari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa fuskantata ta ce mini "kai" ba. In tana so in ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "Ga tuwo nan, in da mai ci." In ta ga na rame sai ta sa ƙanwata ta tambayi wancan ko lafiya. Da na yi aure matata ta gaji wannan aiki. Ko a waya, in na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, ina matar gidan?" Ban taɓa shakkar tana sona ba. Sai dai abin da ke ranta yakan iso gare ni kamar yadda fayil ke isowa, ta hannun wani.

To, tunda ba ma hira, na ce bari in yi mata abin da za ta gani da ido. Na san duk rayuwarta a madafi ta yi ta. Na ce zan yi mata kicin da ba za ta iya barinsa ba.

Tsohon kicin ɗin ba abin nunawa ba ne. Ƙasan siminti, sinki ɗaya mai yoyo, sai wani gajeren dakali a kusurwa, tsayinsa bulo ɗaya daga ƙasa, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin risho. Ba ya cikin zanen gidan, wanda ya riga mu zama ne ya yi shi. Tun ranar da muka tare nake jin haushinsa. Na samo wata mujalla a ofishin oga, na yage shafin da ke da kicin mai tayil fari da doguwar kanta da murhun gas mai kai huɗu a cikinta, na manna a bango, na ɗauki hutuna na shekara.

Matata nas ce, ba ta da yawan magana. Ta dubi hoton ta ce, "Ka kira mai aiki mana."

Na ce mata masu aikin Abuja duk 'yan cika baki ne, kuma ni nake duba aikinsu a ofis.

Ta ce, "Allah ya taimaka," ta tafi aiki.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, ya yi shekaru yana gyaran famfo a gidajen gwamnati kafin ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Da ya ji ƙarar guduma ya leƙo, ya tarar na ɗaga hannu a kan dakalin nan.

Ya ce, "Oga, wannan dakali, bar ta. Matar da ya zauna nan kafin ku, shi ya sa aka yi. A kai take tuwo."

Na ce masa, "Baba, zamani ya wuce nan. Inna ta gama tsuguno, yanzu hutawa za ta yi."

Ya ce, "To, oga." Ya koma gidansa. Dakalin kuwa wanda ya yi shi bai yi rowar siminti ba, wuni guda na yi kafin ya faɗi.

Sati uku na yi ina aikin. Na yi zirga-zirgar kasuwar Dei-Dei har masu shaguna suka fara ce mini injiniya, ni kuma ban hana su ba. Na koyi cewa tayil na fashewa ne a daidai wurin da ba ka so. Na huda bututun ruwa a bango, muka kwana biyu muna alwala da ruwan gidan Baba, shi ya zo ya ɗaure ba tare da ya ce uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Matata tana girki a kan risho a bayan gida, in ta wuce ta kan buhun siminti sai ta ce, "Sannu da aiki, injiniya." Da na zo ɗora kanta, na tsaya a gabanta na gwada da ƙuguna, na ga ta yi daidai. Ni dogo ne. Bai zo mini a rai in tuna ba ni zan yi girkin ba.

Gaskiya da na gama ya yi kyau. Akwai layin tayil ɗaya da ya karkace, amma na ajiye firji a gabansa.

Ƙanena ya kawo Inna wata Lahadi. Kayanta akwati ɗaya, sai buhu mai daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, da baƙar tukunyarta ta tuwo, da muciya, da kujerarta 'yar tsugunno wadda ta girme ni. Bayan ta huta na sa matata ta kai ta kicin, ni ina biye. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi. Ta shiga a hankali kamar mai tsoron santsi. Kantar ta kai mata ƙirji. Ta shafa ta da tafin hannu, ta dubi matata ta ce, "Ya yi kyau. Kamar asibiti."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo, har na maimaita shi a ofis.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Inna na ɗaki da carbi. Ana kai ta ganin likita, jinin ya sauka, ƙafar ta daina kumbura. Ina zuwa Kado in sayo kifi, wani abokin aiki ya kawo mini doya daga Abaji, ana jera mata kwanuka. Takan ci kaɗan ta rufe, ta sa albarka. Tukunyarta na nan inda aka ajiye ta bayan ƙofa, muciya a ciki. Ni a ganina hutun ke nan, kuma ina jin daɗin ni na ba ta shi.

A sati na uku na dawo daga ofis da yunwa, aka kawo tuwon masara miyar kuka. Miyar ta yi daɗi ƙwarai. Tuwon kuwa duk gudaji, loma ɗaya sai ka ji gari a haƙori. Ina da saurin baki, wannan kowa ya sani. Inna na zaune a tabarma can gefen falo, matata na zuba ruwa. Na ture kwanon na ce wa matata, "Wannan wane irin tuwo ne? Ga Inna a gida, ki tambaye ta ta koya miki tuƙi mana."

Matata ta ajiye jug ɗin. Inna ta tattara carbinta ta tashi ta shiga ɗaki.

Sai da ƙofar ta rufe matata ta ce, ƙasa-ƙasa, "Inna ce ta yi."

Ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta dawo daga aiki ta tarar da Inna a tsaye a kan kujerar tsugunno a gaban gas, tsohuwa mai hawan jini, hannu ɗaya na riƙe da tukunya da tsumma, ɗaya na fama da muciya. Tuwo ana tuƙa shi ne a zaune, tukunya a ƙasa, a danne ta, hannu biyu a kan muciya, ƙarfin yana zuwa daga kafaɗa da baya. A can sama tukunyar sai zamewa take a kan ƙarfen murhu. Inna ta hana a taimaka mata. Ta ce sau ɗaya dai tana so wancan ya ci tuwon hannunta.

Na sha jin kunya a rayuwa, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Matar da ta yi shekara hamsin tana tuƙa tuwon gida mai mutum ashirin, ni na yi mata kicin da ya mai da ita 'yar koyo, sannan na zauna na kushe. Na je bakin ƙofarta na durƙusa na ba da haƙuri. Daga ciki ta ce, "Ba a yi komai ba." Washegari ta ce wa matata a gaya masa ya nemo mota ran Asabar. Ta ce ta gode, an kula da ita, amma ba ta saba zaman baƙunta ba.

Na kira ƙannena. Kowa ya ce in lallashe ta. Da wane baki? Mutumin da ba a ko ce masa "kai".

Ran Juma'a da na sauko daga masallaci ban koma ofis ba. Na cire babbar riga, na ɗauko guduma, na kwance murhun gas, na fasa kusan rabin kantar da na yi sati uku ina yi. Wannan karon rushewar ba ta ba ni wuya ba, aikin hannuna ne. Baba ya leƙo. Ya dubi tarkacen, ya dubi kusurwar da tsohon dakali yake, ya juya ya tafi. Sai ga shi da shebur da ragowar siminti. Har yau ina ganin girmansa don bai ce ya faɗa mini ba.

Matata na wurin aiki. Ƙarar ta fito da Inna. Ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofar kicin, ta sa ido a bango, kamar iska ta fito sha.

Na share kusurwar na jera bulo, inda za a ɗora ƙaramin gas mai kai ɗaya. Har a lokacin ban gama warkewa ba. Na ga bulo ɗaya ya yi ƙasa da yawa, kamar ba a Abuja ba, sai na ɗora layi na biyu.

Baba ya ce, "Oga, tambayi Mama."

Na ce ba a haka. Na ɗaga murya na ce wa Baba, yadda za ta ji, ko bulo biyu ya yi. Na jira ta ba bango amsa. Shiru. Baba ba ɗan gida ba ne, ba za ta aike shi ba, matar gidan kuma ba ta nan. Na ɗebi siminti na fara shafawa a layi na biyu.

Sai na ji ta ce, "Kai."

Na tsaya da cokalin gini a hannu. Na ɗauka da Baba take. Na juyo, na ga ni take kallo, ido cikin ido.

Ta ce, "Kai, cire ɗaya. Ƙaramin gas ɗin ma ai yana da tsayinsa."

Na ce, "To, Inna." Na cire. Ina da shekara arba'in da huɗu. Na sunkuyar da kai na yi ta shafa siminti a wurin da ya riga ya yi sumul, don kada Baba ya ga fuskata. Baba ya ce bari ya je ya duba famfonsa.

Da ya dawo ya ce siminti sai an yi sati ana ba shi ruwa kafin a ɗora masa nauyi. Ran Asabar direba ya zo da safe. Inna ta ce wa matata a gaya masa ya sallami mai mota, ba a barin sabon siminti ba mai ba shi ruwa, su kuma masu gidan duk aiki suke tafiya.

Kullum bayan asuba takan ɗauki buta ta yayyafa wa dakalin ruwa. Sati ya cika ta ci gaba. Ta fara tuƙa tuwo a kai, ba gudaji ko ɗaya, amma ba ta daina yayyafin ba. In ƙannena suka kira suka tambayi yaushe za ta koma, sai ta ce simintin bai gama bushewa ba. Haka ta yi ta faɗa har shekara shida, har ranar da muka kai ta makwancinta.

Ba ta ƙara ce mini "kai" ba. Washegari ma ta koma a gaya masa, a tambayi wancan. Dakalin na nan, ya ɗan karkace ta hagu, ya yi baƙi. An sake fenti a gidan sau biyu, an canza tayil sau ɗaya, kuma wannan karon mai aiki na kira. Ya nuna kusurwar ya ce, "Oga, wannan a fasa ko?"

Na ce ya bar shi.