Mutumin da Ya Yanke Kunnen Raƙumina

Raƙumi ɗaya tak na taɓa mallaka tsawon rayuwata, kuma da kunne ɗaya da rabi ya mutu. Yadda rabin nan ya tafi nake so in rubuta tun da sauran hankalina, don waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga ni kwanciya.

Sai na faro daga nesa. Ina saurayi aka ɗebe mu daga Damargu zuwa yaƙin Nasara, can ƙetaren teku. Ba jarumta ta kai ni ba, tsawona ne ya ja mini aka nuna ni da yatsa. A can ƙarfe ya same ni a cinya, na yi wata da watanni a kwance gidan likita. Gadon da ke kusa da nawa na wani sarsan ne, wato saje, Bature, wanda kafin yaƙi malamin lakwal ne, makarantar boko, ya kuma baro hannunsa na dama a fagen fama. Malami ko ya rasa hannu ba ya rasa baki. Da ya ga babu yaran da zai koya wa, sai ya kama ni. Da ɗan guntun Faransancin soja da nake ji, ya fahimtar da ni cewa a ƙasarsu akwai wata magana da ake koya wa yara: kowane mutum ɗa ake haihuwarsa, ba bawa ba, kuma akwai haƙƙin da yake fitowa da shi daga cikin uwarsa, ba sarki ya ba shi ba balle ya ƙwace.

Na tambaye shi, "Har da mu?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki kafin ya ce har da mu. Ranar bai sake koya mini komai ba.

Na dawo garinmu Gangara da ɗingishi, da tsohuwar rigar soja, da wannan magana. Da ɗan abin da aka sallame ni da shi na sayi raƙumi, wani jan amale mai baƙin hali, ina dakon gero da shi zuwa Tanut da Ollelewa. Maganar kuwa kyauta nake rabawa. Duk ran kasuwa, in na sauke kaya, sai in zauna gindin aduwa kusa da rijiya in buɗe baki. Ni fa da ma akwai surutu, ga kuma na ga teku, wa zai tare ni? Abokaina su ce, "Ku matso, soja zai ɗora karatu." Limamin garinmu, wani tsoho mai barkwanci, in ya biyo ta wurin yakan ce, "Yo wannan ai sai ka tambaye ni, ba sai an fasa maka cinya ba. Allah ya girmama ɗan Adam tun ba a haifi kakan Nasara ba." In ce masa, "Allah gafarta malam, to me ya sa ba mu taɓa jinta a bakinku ba?" Sai ya yi dariya ya wuce.

A lokacin Nasara sun ce sun hana bauta. A bariki haka ne. Amma daga bariki zuwa daji tafiya ce mai nisa, kuma a gidajenmu na Hausawa da rugagen makiyaya duka akwai mutanen da kowa ya san matsayinsu, ba a dai faɗa da ƙarfi.

Cikin masu saurarona akwai wani da ba ya zama. Buzu ne siriri, zai girme ni da kamar shekara goma, da yagaggen rawani, kullum riƙe da akalar raƙuman ubangijinsa, wani mai garke daga wajen Tenhiya. Yakan tsaya daga baya, in na gama ya ja dabbobinsa ya tafi. Ban taɓa jin muryarsa ba, ban ma tabbata yana jin Hausa sosai ba.

Wata safiya da bazara, shekara biyar ko shida da dawowata, ina shayar da raƙumina a rijiya. Ya sunkuyar da kai cikin kwami yana sha, sai mutumin nan ya matso, ya yi mini sallama, ya zaro wata ƴar wuƙa daga hannun rigarsa, ya kama kunnen raƙumin na hagu ya yanke rabi. Raƙumi ya yi ruri ya watsa ruwa, jini na tsiyaya. Ni kuwa idona ya rufe. Igiyar guga ce a hannuna, na ninka ta na shiga zabga masa. Sau nawa, ban sani ba. Mai koyar da haƙƙin ɗan Adam ke nan, a gaban mata masu ɗiban ruwa. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bai gudu ba, bai kare kansa ba. Zama ya yi a ƙasa, ya ajiye guntun kunnen a gabana. Nan na ga bayansa ta yagar riga, tabo a kan tabo, nawa ne kawai sabo. Wata tsohuwa ta riƙe mini hannu ta ce, "Haba ɗan nan, ba ka gane ba? Gare ka ya zo."

Sai a sannan na tuna. Akwai tsohuwar al'ada ta mutanen arewa da muka sha ji tun muna yara. Bawan da azaba ta yi wa yawa yakan zaɓi mutumin da ya yarda da halinsa, ya yanke kunnen raƙuminsa ko dokinsa. Mai dabbar yana da ikon ya riƙe bawan a madadin ɓarnar, tsohon ubangiji kuma ba shi da ta cewa, sai kunya. Ƙofa ɗaya ke nan da aka bar wa bawa, shi kuma ta kan raƙumina ya bi.

Kwana biyu bayan haka aka taru a ƙofar maigari. Ubangijin ya zo cikin shuɗin rawani, idanu kawai ake gani, mutum mai natsuwa da iya gaisuwa. Ya zo da wata farar taguwa mai ciki, ya durƙusar da ita inda kowa zai gani. Ya ce in karɓe ta fansar kunne, in ba shi mutuminsa.

Ni da baki, sai na miƙe na fara. Na ce babu bawa yanzu, kowa ɗa ne, na kawo ta sarsan, na kawo ta liman. Ubangijin ya bari na gama tas, sannan ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Madalla. In ba bawa ba ne, to yaron gidanmu ne ya yi ɓarna. Mu biya, mu tafi da abinmu."

Liman ya jawo ni gefe ya ce, "Ka ga inda bakinka ya kai ka? Al'adar nan ba ta san ɗa ba, bawa ta sani. Ko ka ce naka ne a gaban jama'a, ko ka ja taguwa. In kuwa suka koma daji da shi, kai ma ka ga bayansa."

Ba zan ɓoye ba, na kalli taguwar nan. Na ga nono a gidana, na ga ɗan raƙumi, na ga kaina da ayari nan da shekara kaɗan. Sannan na kalli mutumin yana tsugune cikin rana, idonsa a ƙasa. Na ce, "Nawa ne. Na karɓe shi." Kalmar ta yi mini ɗaci a baki. Wani daga baya ya ce, "To fa, soja ya yi bawa," aka kwashe da dariya. Ubangijin ya ta da taguwarsa, ya yi sallama da kowa, ya tafi.

A hanyar gida na ce wa mutumin, "Kada ka damu, ran Juma'a za mu je wurin liman in ƴanta ka." Ya ce, "To, maigida." Kuma da gaske nake a ranar.

Ran Alhamis ruwan farko ya sauka. Wanda ya san Damargu ya san in ruwan shuka ya zo ko gaisuwa ba a tsayawa yi. Muka fita gona, ni da ɗingishina ina saran rami ɗaya shi yana saran uku. Gonar da nake kwana huɗu ban gama ba, muka shuke ta a kwana biyu, har na ƙara fili. Na ce a raina, bari a gama shuka. Aka gama, ciyawa ta taso, na ce bari a yi noman fari. Daga nan maimai. Raƙumina da ba ya barin kowa ya taɓa shi, sai ga shi yana bin mutumin kamar ɗan akuya, kunnen ma shi ya yi jinyarsa har ya warke. Matata ta huta da ɗiban ruwa. Ni kuma cinyata ta daina hana ni barci.

Ban wulaƙanta shi ba, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Ƙwarya ɗaya muke ci. Rigar sojan nan da nake ji da ita shi na ba. Na riƙa gaya wa kaina ai wannan da ƴanci duk ɗaya ne, abin da ya rage faɗa ce kawai da baki. Shi kuma bai taɓa tuna mini ba. Sai dai wani abu da na lura: ran kasuwa na daina zama gindin aduwa. In abokai suka ce, "Soja, yau babu karatu?" sai in ce maƙogwarona ke ciwo.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ta raga mini ba. Wata rana tana kaɗi a zaure na zo wucewa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Juma'ar taka ba ta zo ba har yanzu?"

Na ce, "Inna, bari a yi girbi."

Ta ce, "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Ta ci gaba da murza mazarinta.

Aka yi girbi, na cika rumbu biyu, abin da ban taɓa yi ba. Ayarin gishiri ya sauko, kasuwa ta cika da raƙuma a durƙushe layi layi. Ina cikin cinikin dami na waiwaya ban ga mutumin ba. Can na hango shi yana bin layin raƙuman nan a hankali, ya tsaya gaban wannan ya dube shi, ya dubi mai shi, ya wuce gaba. Na bar cinikin na ja ƙafa na same shi.

Na ce, "Me kake dubawa?"

Ya ce, "Kunnuwa, maigida."

"Na cuce ka ne? Na bar ka da yunwa?"

"A'a. Tun ranar rijiya hannunka bai taɓa ni ba. Kullum a ƙoshe nake."

"To mene ne?"

Ya lalubo Hausar da zai faɗa da ita. Sannan ya ce, "Can ma akwai shekarun da na ƙoshi. Ba don tuwo na yanke kunne ba. Maganar nan taka ta gindin aduwa, shekara uku ina jinta, ita na biyo. Yau na duba kasuwar nan kaf, ban ga wanda ya taɓa faɗin irinta ba. Kai kaɗai ne." Ya zaro ƴar wuƙar nan daga hannun rigata da ke jikinsa, ya miƙo mini ta wajen ƙota. "Ungo. Babu sauran kunnen da zan yanka."

Ba da fushi ya faɗa ba. Da fushi ne, da na san yadda zan yi, don ni ma gwani ne. Haƙura ya yi, a gabana ya yanke ƙauna, kuma ni na sa shi. A tsakiyar kasuwar nan na tuna sarsan yana kallon rufin ɗaki. Shekara da shekaru ina zaton Faransancina ne bai gane ba. Ranar na san abin da ya tsayar masa da baki, don ni ma na rasa inda zan sa idona.

Ban jira Juma'a ba. Na kama hannunsa muka nufi gidan liman, na kira mutum biyu daga hanya su yi shaida. Liman ya dube ni ya ce, "Maƙogwaron ya warke ke nan?" Na faɗa sau uku a gabansu cewa na ƴanta shi saboda Allah, babu mai iko da shi, ni ko wani. Washegari na yanka ɗan ragon da nake turke, aka raɗa masa suna kamar yadda ake yi wa wanda aka ƴanta, shi ya zaɓi abinsa. Mahaifiyata ta dama fura da kanta ta kai masa.

A zuciyata ina fatan ya zauna. Na yi masa tayin fili, na ce ga gari ga mutane. Ya yi godiya. Ashe yana da ƙanwa da aka raba su tun suna ƙanana, ya ji an ce tana wajen Belbeji. Damina guda muna ci a ƙwarya ɗaya, ban taɓa tambayarsa ko yana da kowa a duniya ba.

Kwana uku bayan suna, da hantsi, ina gyaran akala a ƙofar gida ya fito da ƴar salkarsa a kafaɗa. Ya zo gabana ya fara durƙusawa, kamar yadda ya saba tun yana yaro in zai nemi izini. Gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa sai ya tsaya. Ya miƙe a hankali, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Zan tafi."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya biya ta wurin raƙumin, ya shafa guntun kunnen, ya kama hanyar yamma. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko ya sami ƙanwar tasa ba. Damina ta gaba rabin gonata ciyawa ta cinye, ni kaɗai nake jan ƙafa a cikinta.