Katangar Mangazar Baba

Gidanmu a Dakoro yana cikin gangare, inda ruwan unguwa yake taruwa kafin ya bi wani lungu ya fita daji. Tun da aka kawo ni gidan haka nake gani, kuma ruwa bai taɓa shigo mana ɗaki ba. Sai shekarar da ƙanen mahaifin maigidana, ɗan kasuwar hatsi da muke kira Baba, ya gina mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, a bayanmu, ya ja katangar siminti ta toshe lungun ruf. Maigidana ya yi ta gunaguni a ɗaki, a waje kuwa ya je ya yi masa Allah sanya alheri.

Damina ta yi nisa, gero ya fara ciki. Wata safiya ina tankaɗe na ji radiyo tana cewa ma'aikatan meteyo, masu hasashen yanayi, sun hango hadari mai ƙarfi a yankinmu, da iska da ruwa mai yawa, mazauna gangare su buɗe hanyoyin ruwa. Da Hausa aka faɗa, aka kuma maimaita. Maigidana ya tafi cin kasuwa Sabon Maci. Gidan daga ni sai surukata Inna, wadda ciwon ƙafa ya zaunar.

Na yafa zane na sami Baba a bakin mangaza cikin mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na ji, na roƙe shi ya sa a fasa ƴar kafa a gindin katangar.

"Ke ɗiyata," ya ce, "tun yaushe radiyo ta san gaibu? Ruwa na Allah ne. Koma ki ɗora tuwonki."

Mutanen suka yi dariya. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, Inna ba ta iya gudu." Ko dubana bai sake yi ba.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar tabarmi. Da ruwan ya sauko, sai na unguwa duka ya gangaro, ya bugi katangar, ya dawo mana tsakar gida. Na goya Inna kamar jaririya, ruwa har cinyata, na kai ta gidan maƙwabciyarmu a kan tudu. Muna can muka ji faɗuwar ɗakinta na ƙasa. Rumbu ya bi shi. Awakina biyu suna ɗaure a turke, ina jin kukansu, ban iya komawa ba.

Washegari maƙwabciyar ta gaya mini abin da har yau yake tafasa mini zuciya. Mijinta ɗan dako ne. Ta ce ina barin wurin, Baba ya kira kamiyo, babbar motar kaya, aka kwashe buhunan geronsa kaf zuwa wata mangaza a kan tudu, domin tun kwana ɗaya kafin nan abokinsa na Maraɗi ya aiko masa da sanarwar meteyo ɗin a waya. Ashe ya san da ita kafin ni. Ya yarda da ita a kan geronsa, a kan Inna matar yayansa kuwa ta zama gaibu.

Da hantsi Baba ya zo jaje da babbar riga, yana ɗage ta kada ta taɓa laka. Ya ce ƙaddara ce, mumini sai haƙuri. Maigidana, wanda ya dawo da safe, ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne, Baba.

Ni kuwa sai na miƙe. Na ari diga a maƙwabta, na shiga ruwan da ya kwanta, na dinga saran katangar da rana tsaka, mutane suna kallo. Hannuwana suka yi bororo suka fashe kafin ruwan ya sami hanya. Maigidana ya ce in je in ba Baba haƙuri. Inna, daga kan tabarmar aro, ta ce, "Ba inda za ta."

Ɗakin Inna ba mu sake tayar da shi ba, a nawa ta zauna har ta rasu. Baba kuwa, da kaka ta yi, ya kira magini ya gyara bakin ramin da na fasa, ya sa masa ƙarafa. Na ji yana gaya wa baƙi a bakin mangaza cewa dama tun farko ya yi niyyar barin magudana a wurin.